Ƙwan Fitilar Ɗakin Marka

Malumfashi

Zuwa ga autana Malam Zakariya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya Shafa'atu da yara, yaya zaman Legas? Maƙwabciyata Sa'adatu ce ke rubuta mini.

Ƙwan fitilar ɗakina ya mutu. Na sayo irin farin nan mai naɗi, an ce ba ya cin wuta. To wannan makunnin da ka sa mini, wanda ake murɗawa haske ya ragu, ina murɗa shi sai ƙwan ya kama ƙifce-ƙifce yana kuka kamar zuma. Na ɗakin kowa lafiya lau, sai nawa. Ka sa ni a addu'a.

Mahaifiyarka, Marka


Funtua

Malam,

Ina gaishe ka, da fatan kuna lafiya. Wannan karon mota na shiga na zo inda ba a san ni ba aka rubuta, don bakina ba zai iya faɗa wa Sa'adatu ba.

Kwana shida ban runtsa ba. Sai na aika wa kawunka Mudi a ƙauye. Ya zo ya saurara, ya ce iskan babanmu ne ya biyo ni, shekara talatin tun da na musulunta ban ba shi komai ba. Malam, na yarda. Ya yanka baƙin zakara a bakin ƙofa, masu zuwa masallaci suna kallo.

Ƙwan bai daina ba. Washegari Murtala mai gyaran wuta ya leƙo, ya ce irin wannan ƙwan ba ya shiri da makunnin murɗawa, ba wani abu ba ne. Ya sa irin ƙwan da, mai jan haske, shiru. Ko dariya yaron mutane bai yi ba, ni na rasa inda zan sa fuskata.

Na je wajen Liman na tuba. Amma ana ta magana a unguwa, wai in ka zo gida azumi kamar yadda ka saba, ba za a bi ka sallar asham bana ba, tunda a gidanka aka zubar da jinin. Na rantse musu ba ka sani ba.

Na ɗaure kayana. Zan koma wajen gwaggonka a Kafur har azumi ya wuce, ka zo ka tarar da gida babu ni. In ba ka so haka ba, ka aiko direba da saƙo kafin Juma'a. In ban ji komai ba, na gane.

Ka yafe mini. Allah ya yi maka albarka.

Marka