Jar Wayar Da Aka Yanke

Talata Mafara

Zuwa ga ƙanwata Taibatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina ruwa, ya maigida Gajere da yara? Tun da an rufe sabis ɗin waya, sai takarda ta hannun direba.

Ga injin ƙyanƙyasar ƙwan zabi da na yi miki alkawari. Da hannuna na haɗa shi, ni da ban wuce sakandare ba amma har Bakura ake ɗauko mini aiki. Ƙaramin bod ɗin da ke ciki shi ne ƙwaƙwalwarsa, shi ke kunna fitila in zafi ya sauka. Batirin sola ke ba shi wuta. Kwamfuta kuwa ta kallon zafi ce da saiti kawai, ta kebul ɗin USB da na haɗo miki. Da shi kaɗai za ki yi aiki. Bayaninsa tsawo gare shi, ki dai bi.

Yayanki,
Muttaka

Maradun

Yaya Muttaka,

Ina gaisuwa da ladabi, ka gaishe da Inna. Inji ya iso. Matan Damaga sun ba ni amanar ƙwansu, na cika shi, kuma damina ta yi nisa, zabi sun kusa daina sawa.

Sai dai an yi ɓarna. Ka san Gajere, bai iya ganin waya a yanke ya wuce. Ya ga salatif tsakiyar kebul, ya kwance, ya iske jar waya a datse. Ya ce, "Wanga aikin ɓera ne, yayanki da cika baki bai ko lura ba." Ya murɗe ta ya haɗe. Ina sawa ga kwamfuta sai ƙauri, ta ɗauke. Ta dawo daga baya, amma ƙofar da na sa kebul ta mutu. Fitilar inji na ci, ni dai ba ni ganin zafi, ga sanyin ruwa. In ƙwan nan ya lalace, da wane ido zan dubi matan nan?

Ƙanwarka,
Taibatu

Talata Mafara

Taibatu,

Lafiya lau, Inna na amsawa. Kwantar da hankalinki, kada dai ki cire batir, bod na aikinsa.

Gaya wa mijinki ni ne ɓeran. Wayoyi huɗu ke cikin kebul. Fara da koriya su ke kai magana, baƙa ita ke haɗa ƙasan bod da na kwamfuta, in babu ita ba su jin juna. Ja ita ke ɗaukar wuta. Ni kuwa kai tsaye na ba bod wutar batir, to in ja na haɗe, wutar sai ta koma cikin kwamfuta. Shi ya sa na datse ta: magana ta wuce, wuta ta tsaya.

Ga sabon kebul, ki sa shi ɗaya ƙofar. Na san in na sake naɗa salatif, Gajere zai ce bari ya duba kawai. Sai na kai wa baduku ya ɗinke wurin da jar fata, kamar laya. Ba komai ciki sai yankakkiyar waya, ban kuma ce ki ce da wani abu ba. Ki dai ajiye inda zai gani.

Yayanki da bai san faɗuwa ba,
Muttaka

Maradun

Yaya,

Gaisuwa da godiya. Kwamfuta ta nuna zafi ya yi ƙasa, na ƙara ta wurin saiti. Jiya suka fara fasowa, yau ɗakin duk kukan 'yan zabi. Matan Damaga sun zo da kwanduna.

Gajere na gaishe ka. Da ya ga kebul hannunsa ya mayar aljihu, yanzu shi ke korar yara daga wurin. Ya ce ka haɗo masa irin layar nan guda, zai ɗaura wa babur.

Ƙanwarka,
Taibatu