Iccen da Akuya Ta Shuka

Ya yi fure, 'Yar Kalfu! Iccenki ya yi fure! Ja wur, tun daga bakin rumbu har ya leƙa bayan katanga. Kuma Balki, matar autanmu Sani, ta sauka lafiya ranar Asabar, an samu ɗiya mace. Jibi suna, sunanki za a sa mata.

Kin ga murna ta sa na tsallake gaisuwa. Assalamu alaiki. Allah ya ƙara haske a makwancinki. Na sani ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina nan ma sai dai in karanta miki, kina dariyar tsohon da ya ɗauki alli ya tafi karatun manya bayan magariba da furfura a gemunsa. To, yau karatun ya yi rana, domin akwai maganar da bakina ya kasa faɗi shekara da shekaru.

Kin tuna ranar da Idi ya dawo daga Abijan? Idin da ya riga ni kai goro gidanku, mahaifinki ya ce ba ya ba mai yawon duniya ɗiyarsa. Ya zo gaishe mu da 'yar tsarabarsa. Ni ya miƙo mini hula, ke kuma ya ba ki gwangwanin madara cike da iri, dogaye masu tauri kamar ƙwallon dabino. Ya ce a can iccen yakan rufe bakin hanya da ja, har mutum ya zaci gobara ce. Na ga yadda idonki ya yi. Ban taɓa sa hular nan ba, kin lura kuwa?

Damina tara kina shuka irin nan, ƙwaya uku uku, a gindin randa. Kina tashi da safe ki duƙa ki duba ƙasa kafin ki dubi fuskata. Ko ɗaya bai tsiro ba. Kika ce ƙasar Tawa ce ba ta son baƙo, ni kuma na ce haka ne.

Ƙarya na yi miki. Na taɓa ɗaukar ƙwaya ɗaya a ɓoye na cije ta, haƙorina ya kusa fita. Nan take na gane. Ni da na tashi a gonakin Takanamat, ai na san irin gawo: ba ya tsira sai an goge bayansa a dutse, ko an jiƙa shi a ruwan zafi, ko ya bi ta cikin dabba. Magana ɗaya da na faɗa miki, da kin zauna a inuwarsa kafin ki tafi. Na ɓoye miki. Duk damina ina kallon ki kina jira, ina jin sanyi a raina. Wane irin miji ne wannan?

Bayan sadakar arba'in ɗinki aka buɗe akwatinki. Can ƙarƙashin zanen da na saya miki na haihuwar Sani, sai ga gwangwanin, a naɗe cikin ɗankwali, da sauran iri a ciki. Me ya sa can, 'Yar Kalfu? Me ya sa ba a ɗakin girki ba, tare da irin kuɓewa? Na juye sauran irin nan duka cikin dusar jar akuyarki, na tsaya har ta lashe kwanon. Na ce ta niƙe shi a huta. Kin ji? Manomin da ya san sirrin gawo, kishi ya sa ya manta da cikin akuya.

Da ruwan farko ya sauka, sai ga tsiro a inda muke tara taki, bayan rumbu. Na zaci bagaruwa ce, na kewaye ta da ƙaya. Sai da ya kai ƙuguna na ga ganyen ya fi na tsamiya laushi, kuma babu ƙaya ko ɗaya a jikinsa. Na gane ko na wane ne. Sau biyu ina ɗauko gatari. Sau biyu ina tuna ki a duƙe gindin randa, in mayar da shi. Daga ƙarshe can na koma yin alwala, shekara shida yana shan ruwan salloli biyar.

Yau da hantsi furen ya buɗe, mata suka cika gidan. Ƙanwarki Hajo ta tsaya ta riƙe haɓa, ta ce ashe mijin yaya ya iya soyayya, shi ya tsiro da abin da ya gagari matarsa. Na karɓi yabon. Amma jibi za a shimfiɗa tabarmin suna a gindinsa, kowa zai tambayi inda aka samo shi. Mutum ɗaya ne a garin nan zai gane shi da kallo ɗaya.

Idi yana nan da rai. Ya tsufa, ƙafa ta ƙi, yana zaune a zauren ɗansa can bayan kasuwar dabbobi. Na so in ce a tsallake shi wajen rabon goron suna. Na kasa. Har yanzu ban san ko fure kike jira ko mai furen ba, kuma babu wanda zai gaya mini. Amma shi ya kawo iri, ke kika yi jira, akuya ta yi aikin. Ni ruwa kawai na zuba, shi ma bayan na yi laifi. Gobe zan hau kabu-kabu in kai masa goron da hannuna, in faɗa masa abin da na faɗa miki. Ke ce kika cancanci ji da farko, shi ya sa na zauna rubutu.

Ki yafe mini damina taran nan.

Mutanen Kalfu su zo, na Takanamat su zo, maƙwabta da masu wucewa duk su shigo su gani, ƙofa a buɗe take. Idi ma ya zo ya ga iccensa. Amma takwararki a cinyata za ta kwanta, kuma in an gama addu'a ni zan fara kiran ta amaryata. Wannan karon ba zai riga ni ba.

Sai na iso.

Mijinki Mamman, mai ba iccenki ruwa.