Rantsuwar Kawu

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara, kuma ciwon bayan nan ya sassauta maka. Inna tana nan lafiya, sai ƙafa da ke ɗan taɓa ta in ta daɗe a tsaye. Ta ce a ja maka kunne ka rage zama a kan babur.

Na zaɓi rubutu ne saboda a waya ba ka bari in kai aya. Ina fara magana sai ka ce ka gane, alhali ba ka gane komai ba. Takarda kuwa ba ka isa ka katse ta ba.

Na je ofishin filaye kamar yadda ka ce, a kan sabunta takardar gidan Baba, Allah ya ji ƙansa. Matar da ke karɓar takardu ta jera namu a kan tebur, ta zare tawa ta turo mini. Ta ce dukkanku sunan Baba ne a bayan sunayenku, ni kuwa sunan wani mutum ne daban, don haka a idon ofis ni ba 'yar marigayi ba ce, kuma takardar gida ba za ta fita ba sai an san matsayina. Na yi mata bayani cewa wannan wani mutumin Kawu ne, ƙanen Inna, wanda aka ba shi ni tun ina rarrafe, lokacin da Baba ya kwanta doguwar jinya. Shi ya kai ni makaranta, hedimasta ya tambayi sunan wanda ya kawo yarinya, ya rubuta. Tun daga ranar sunan yake bi na, har lasisin aikina na ɗakin gwajin jini da ɗan allon da nake maƙalawa a farar rigata. Ta saurara har na gama, sannan ta ce labarin ya yi daɗi, amma ba a saka labari a fayil.

Daga nan na wuce wurin abokin nan naka mai buga takardu a bakin kotu. Yaya, ina ka samo wannan mutum? Yana cin gyaɗa da hannu ɗaya, yana danna kwamfuta da ɗaya, ko kallona bai yi ba. Kafin in rufe baki takarda ta fito da ɗuminta. Ashe iri ɗaya yake buga wa kowa, suna kawai yake sauyawa. Ya nuna mini inda zan sa hannu da ɗan yatsa mai gishiri, ya ce in yi sauri akwai mutane a bayana.

Allah ya sa ni ba na sa hannu a abin da ban karanta ba. Takardar canjin suna ce. A ciki an ce wai ni na yi watsi da tsohon sunana, na rabu da shi har abada, ba zan ƙara amsa shi ba, kuma za a buga sanarwa a jarida duniya ta shaida.

Watsi, Yaya. Da sunan mutumin da ya ɗora ni a gaban kekensa kullum har ƙofar aji. A kan teburin aikinsa na koyi rubutu, tsakanin matattun rediyoyi da ƙaurin dalma. Da na yi ƙyanda rufe shago ya yi, ya zauna yana yi mini fifita har na tashi. Shi da matarsa, Allah ya ji ƙanta, ba su taɓa haihuwa ba, kuma ban taɓa jin ya faɗa wa wani haka ba, don a wurinsa yana da 'ya. Ka san kuma telan da ke maƙwabtaka da shi shi ke karanta masa jarida tun da idonsa ya yi rauni. Kana so a bakin tela ya ji cewa na yar da shi?

Na ajiye wa abokin naka takardarsa a kan ɓawon gyaɗar na fito. Baba ubana ne, ina alfahari da shi, kuma ba na so gidan Inna ya shiga matsala ta dalilina. Amma ba da wannan takarda ba. Ka ba ni lokaci in bincika.

A shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin ƙaramin, haƙoran sun fito? Mu nan sai godiya.

Saƙonka ya iso, na kuma saurare shi har ƙarshe, abin da kai ba ka yi mini. Ka ce ina da taurin kai, ka ce takarda takarda ce, ka ce Kawu ba yaro ba ne. Na ji kuma muryar Anti daga baya tana cewa dama ɗan riƙo ba ya sanin gidansu. Ka gaya mata na gode, Allah ya bar zumunci. Ranar da aka miƙa ni ba a nemi shawarata ba, ina cikin tsumman goyo. Yanzu kuma da ake son karɓo ni a takarda, an sake mantawa a tambaye ni.

Abokinka ya kira ni, wai ya samo mafita. Tunda ba na son kalmar watsi, akwai takardar gyaran kuskure. Ita wannan, wanda ya kai ni makaranta shi zai tsaya gaban jami'in rantsuwa ya ce kuskure ya yi da ya bari aka rubuta sunansa, ba shi da haƙƙin haka, yana roƙon a goge. Ya faɗa mini yana dariya, kamar ya tsinto mini zinariya a hanya. Wato maimakon ni in soki Kawu, a ba shi wuƙar ya soki kansa. Ba cinya ba, ƙafar baya. Na ce masa ya goge lambata.

Da na tashi daga aiki na je ofishin taimakon shari'a da ke hawa na biyu a ginin kotu, inda ya kamata in fara zuwa da ban bi shawararka ba. Wata lauya ce, mai tabarau da igiya a wuya, ofishinta cike da fayiloli har kan kujerar baƙi, sai da ta kwashe su na zauna. Ta bar ni na yi magana har na huce. Tambaya ɗaya ta yi mini: shin ina so in canza sunana ne, ko ina so ofishin filaye ya yarda ni 'yar Baba ce? Na ce na biyun. Ta ce to duk takardun da aka nuna mini ba nawa ba ne. Ta farko ta wanda ya gaji da sunansa ce yake son sabo, kuma da na sa hannu sai na bi takardun makaranta da lasisina ɗaya bayan ɗaya ana sauyawa. Ta biyu ta inda aka yi kuskure ce da gaske. Tawa ita ce takardar shaidar cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne: mai amsa sunan Kawu ita ce 'yar Baba. Ba a goge komai, ba a zagi kowa. Zan haɗa da takardar haihuwata, sai shaidu daga manyan da suka san yadda aka yi.

Ka ga abin da kuka nemi ku sa ni, garin neman gira a rasa ido. Na fito daga ofishin nan har ina gaida mutanen da ban sani ba.

Inna za ta yi shaida, kuma ina so Kawu ya zama ɗayan. Ina so a karanta masa cewa sunansa yana nan daram, ya sa hannu a ƙasa. Ranar hutuna zan je in yi masa bayani da bakina. Don girman Allah, Yaya, kada ka kira shi, kada ka aika masa kowa. Bai san komai ba tukuna, kuma ka san halinsa, in ya ji ana wahala saboda shi ba ya iya zama.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka, don Inna ba ta koya mana fara magana ba gaisuwa ba. Ina fata kuna lafiya. Ni lafiyar jiki kam akwai ta.

Ashe ka kira Kawu. Tun kafin wasiƙata ta iso ko bayan ta iso, ban sani ba, kuma kada ka gaya mini, don duk amsar da ka bayar ba za ta yi mini daɗi ba. Ka ce masa gidan 'yar'uwarsa zai salwanta saboda sunansa da ke kaina, ka ce ni kunya ce ta hana ni faɗa masa, ka haɗa shi da abokinka. Tela ne ya ba ni labari. Kawu ya rufe shago, ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya shiga motar haya shi kaɗai da wannan idon nasa. Ya bi layi a rana. Aka karanta masa takardar gyaran kuskure, ya ɗaga hannu ya rantse cewa kuskure ya yi, ba shi da haƙƙi a kaina.

Ban san da wannan ba lokacin da na isa shagon, da takardata a jaka, ina ta murna. Yana jin sallamata ya miƙe tsaye. Kawu, ya miƙe mini. Ya ɗauki tsumma ya kakkaɓe bencin da masu kawo gyara ke zama, ya ce in zauna a nan. Ya leƙa ya ce wa mai shagon gefe ya kawo lemo mai sanyi. Sannan ya buɗe durowa ya ciro takardar, ya sa ta a leda don kada ta yi datti, ya miƙo mini da hannu biyu. Yana tambayata ko hatimin ya fito sosai, ko akwai abin da ya rage ya koma ya ƙarasa. Ya ce in yafe masa, ya riƙe abin da ba nasa ba ya daɗe, bai san yana cutar da ni ba.

Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Na ce masa ba a buƙatar wannan takarda, ba ni na aiko ba, yaga ta za a yi. Na ciro tawa na karanta masa a hankali, na nuna masa inda sunansa yake da inda zai sa hannu. Ya saurara, kansa a ƙasa, yana juya sukudireba a hannu. Da na gama ya ce takardar ta yi kyau, Allah ya yi wa lauyar albarka. Amma shi ya riga ya rantse. Bakinsa ɗaya ne, ba zai je jiya ya ce kuskure ne, yau ya dawo ya ce daidai ne ba. Na ce rantsuwar da aka sa shi bisa ruɗi ba ta kama shi. Ya ce ba wanda ya ruɗe shi, an karanta masa, ya ji, kuma da ya yi tunani a hanya ya ga gaskiya ce.

Wannan ne abin da ba zan yafe maka da wuri ba. Da ƙarya ya rantse a kai, da sauƙi. Kun sa shi ya yarda.

Kada ka damu da gida. Lauya ta ce tela zai iya zama shaida tare da Inna, sun sa hannu, na kai ofishin filaye an karɓa. Takardarku za ta fito, sunana ma yana nan yadda yake, ba a taɓa ko harafi ba. Kowa ya samu abin da yake so. Abokinka da ya san kan kowace takarda, ka tambaye shi wacce ake bugawa a mayar wa tsoho da 'yarsa.

Da zan tafi Kawu ya rako ni har bakin titi, abin da bai taɓa yi ba, don ba a raka ɗan gida. Ya tsayar mini da mota, ya buɗe mini ƙofa. Na ce masa zan dawo ranar hutu in wanke masa labule in gyara ɗakina. Ya ce kada in wahalar da kaina, aiki ya yi mini yawa. Sannan ya sunkuyo ta taga ya ce in gaida mutanen gida.

Wane gidan, Yaya?

Ƙanwarka,
Auta