Wa Ya Kai Gogo Teku?

Riyad, 18 ga Muharram, 1436

Daga kawunka Alhaji Sha'aban na unguwar Malaz, zuwa ga ɗana Musbahu a Yawuri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali, Ya ba ka sauƙin gwiwa, Ya kuma sanyaya maka zuciya, don na ji kwana biyun nan zuciyar ta fi gwiwar kumburi. Mu nan sai godiya. Ƙanenka Idrisu yana nan yana jan motar ruwansa a unguwar Gubaira, matarsa Sabuwa lafiya lau, autarsu Hajar ta shiga aji uku, Larabci a bakinta kamar kanari, Hausa kuwa sai an jawo ta da igiya. Yayarku Khadijatu, wadda yara ke kira Gogo, ta samu sauƙi ƙwarai, kuma saboda ita na zauna rubutun nan, ni da ban saba aika wa yaran da aka haifa a gabana takarda ba. Saboda haka ka gyara zama, ka karanta da ladabi.

Labari ya iso mini cewa ka umarci Idrisu kada ya sabunta wa ɗansa Isuhu iƙama, wato takardar izinin zama, in ta ƙare a ƙarshen Safar, a buga masa fita ba dawowa, a sa shi a jirgi ya zo ka gyara masa zama. Idrisu kuwa ka san shi, in ka ce masa rana ta faɗi da hantsi, tashi zai yi ya ɗauro alwalar magariba. Kwana goma ke nan yana yawo da fasfon yaron a aljihu, ya kasa kai wa kafili, ubangidansa Balarabe, ya kuma kasa mayarwa akwati.

Ba zan ɓoye laifin yaron ba. Da hutun Babbar Sallah kafilin Idrisu ya ara musu mota su je Shuƙaiƙ, wani gari a bakin teku ta wajen Jizan. Ka ji, ka bugo ka ce kowa ya je amma ban da Gogo, mai ciwon suga ba ta tafiyar yini guda, a bar ta wajen maƙwabta. Ana gobe tafiya sai Isuhu ya sauka shagon ƙasa, ya kira ubansa ta layin nan da ba ya nuna lamba, ya ɗauko muryarka tsaf, har da tarin nan naka biyu kafin magana da "to madalla" ɗin da kake ja kamar kana auna yadi, ya ce ka sake shawara, a tafi da ita. Idrisu a tsaye ya amsa wayar, har da cire hula. Wannan laifi ne, na yarda, ko da yake wanda duk ya ji ya ce baiwa ce daga Allah, kuma yaron, an shaida, duk Gubaira babu mai hankalinsa, ga kyau.

Amma Musbahu, kai da ke da Kwara a bayan gida, ka taɓa tambayar yadda yayarka take kwana? 'Yar Sarkawa ce, a cikin kwalekwale ta yi haƙora, yau shekara talatin da ɗaya ruwan da ya fi girma a idonta shi ne na bokiti. Tun rasuwar mijinta ta juya wa bango fuska a ɗakin nan na hawa na biyu. A kai tuwo a ɗauko tuwo. Kai kana ganin sakamakon likita a waya, Isuhu ne yake ɗauko kwanon. Wanda ke ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Suka tashi bayan asuba, suka bi ta Wadi Dawasir, suka kwana a Abha. Gangaren dutse birai suka tare hanya, ɗaya ya zura hannu ta taga ya warce burodin Sabuwa, ta bi shi da Allah ya isa har kwana uku. Can sai iska ta canza ta yi nauyi da gumi. Nan Gogo ta ɗaga hanci ta ce a sauke gilashi, ta ji ƙarni. Da muka iso, wato da suka iso, ba ta jira an kama ta ba. Ta tattare abaya, ta taka yashi, ta shiga har gwiwa, ta yi wa ruwan sallama kamar yadda kuke yi a gida, ta kamfata ta kai baki. Sai ta furzar, ta ce wane marar tsoron Allah ne ya ɓata kogi guda da gishiri haka. Idrisu ya hana ta alwala da shi, Isuhu ya tuna masa karatun zaure, cewa ruwan teku mai tsarki ne, mushensa ma halal. Ka ga amfanin allo.

Washegari da safe ta hango wani saurayi masunci a gindin jirginsa yana ɗinkin taru. Ta tsaya a kansa tana kallo, ta ƙyale ƙulli ɗaya, ta ƙyale na biyu, a na uku ta fizge allurar. Da Hausa ta wanke shi tas, ta ce wannan ƙullin ko tarwaɗar da ta mutu jiya za ta kwance shi, wa ya koya masa, uwarsa ta san yana zubar mata da mutunci a bainar jama'a? Hajar tana fassarawa tana rage gishirin. Gogo ta zauna a yashi, ta maƙale bakin tarun a babban yatsan ƙafa, hannun nan da muke cewa rawa yake yi ya shiga aiki, ido ba ya iya binsa. Kafin azahar masunta bakwai sun zagaye ta, tsohonsu ya kawo nasa tarun yana ta ce mata ya hala, ya hala, wato lale maraba. Suka ba ta wani dogon kifi da suke kira kan'ad, ta juya shi ta ce ba laifi, amma a gaban giwan ruwa almara ne. Har waƙar jan taru ta yi, Idrisu ya juya baya yana share ido da hula.

Sauran ka sani. Ta ƙi tashi ta ci abinci sai ta gama, la'asar na yi suga ya faɗi, ta yanke jiki, aka kwana biyu a asibiti. A nan Idrisu ya kira ka yana cewa ga abin da izininka ya jawo, asiri ya tonu. Abin da ba a gaya maka ba shi ne, da ta farfaɗo tambayarta ta farko ita ce ko an ƙarasa gefen hagu na tarun. Tun dawowarsu kwano fanko yake fitowa daga ɗakinta, har ta fara zagin miyar Sabuwa, wanda ka san a gidanku alamar lafiya ce.

Don haka ga hukuncina. Yaron zai ba ka haƙuri a kan muryarka da ya ara ba izini, wannan haƙƙinka ne. Amma a kan tekun ba zai ba da haƙuri ba, ko za a sa shi a jirgi da ankwa. Ya ce in aka mayar da shi ranar, shagon nan dai zai sake sauka, sai dai wannan karon zai cusa mata dabino a aljihu. In kuwa ka dage a turo shi, to ka shirya ɗaki biyu. Jiya Gogo ta kira Idrisu ta ɗora fasfonta a kan na yaron, ta ce takarda biyu za a buga ko ba ko ɗaya, kuma in sun sauka Yawuri ba gidanka za ta fara zuwa ba, bakin ruwa za ta, kai za ka riƙe mata igiyar taru.

Ka gaida Inna Lailatu da Bilƙisu da angonta, da Mustapha in yana nan bai gudu Legas ba, da dukan mutanen bakin kogi. Allah Ya bar zumunci, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Baffa, ka sauke hular, ka zauna. Alhaji Sha'aban yana Madina tun makon jiya, bai san da takardar nan ba. Na ga in na sa sunana a sama, ba za ka wuce sallama ba ka yage ta. Yanzu kuwa ka karanta har ƙarshe, da ladabi. Laifi ya zama biyu, ka haɗa ka yanke hukunci ɗaya, amma maganar fasfo gaskiya ce, kira Gogo ka ji, in kana da ƙarfin hali.

Ni ne ɗanka da bai tuba ba,
Isuhu Idrisu, Gubaira.