Takunkumina a Fuskar Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar ƙaramarku, kumburin ya sauka? Mu nan muna nan. Baba na lafiya ƙalau, ya ma fi ni.

Kin tambaye ni a waya me ya sa muryata ta koma kamar ta wanda aka tono daga rami, na ce miki ba komai. Ƙarya na yi, Baba na zaune kusa da ni. Shi ya sa na ɗauko biro.

Abin da ya faru a sito, wurin aikina, wata biyar da suka wuce, rabi na gaya miki. Ba birki ne ya ƙi ci ba. Barci ne ya ɗauke ni a kan motar ɗaga kaya, da rana tsaka, inji na aiki. Ƙarafan gaba suka huda kwalayen fenti, tsakaninsu da ƙafar abokin aikina bai kai tafin hannu ba. Mutum mai 'ya'ya uku. Bai zage ni ba, zama ya yi a cikin fentin yana kallon ƙafarsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Manaja ya sauke ni daga mota, ya miƙo mini tsintsiya, ya ce ban ƙara hawa sai da takardar likita. A asibiti suka kwantar da ni dare ɗaya, suka manne ni da wayoyi tun daga ka har ƙirji. Kin san abin da suka gano? Numfashina na tsayawa fiye da sau arba'in a kowace awa. Maƙogwarona ke rufewa, jiki ya zabura ya farka ban sani ba, ya koma, ya sake rufewa, har gari ya waye. Wato Yaya, ni da kuka laƙaba wa suna Kasa, ni da kuke yayyafa wa ruwa da safe kuna dariya, ban taɓa yin barcin kirki ba tunda aka haife ni. Ni da Baba ya cire daga aji biyar don malam ya ce benci kawai nake ɗumamawa. Karatun da kike gani a wannan takarda a jikin kwali da tsofaffin jaridu na tsinto shi, ina mintsinin cinyata don kada in gyangyaɗa.

Asibitin suka ara mini wata na'ura. Akwati ne ƙarami, da tiyo, da takunkumi da ake ɗaurawa a hanci, tana tura iska don kada maƙogwaro ya rufe. Sati uku na yi da ita. Ba zan iya kwatanta miki ba. Ashe haka kuke tashi kullum? Ashe haka duniya take, ba hayaƙi a kanta? Shafi talatin na karanta a zama ɗaya, na rufe littafin na yi ta kuka kamar wawa.

Sai Baba ya zo garin nan don a yi masa gashin gwiwarsa, ya sauka a wurina. Kin san ɗakina ɗaya ne, gado ɗaya, wurin jona wuta ɗaya a kan gadon. Na bar masa gadon na koma tabarma, ina jawo tiyon yana ratsa tsakar ɗaki. Rannan na dawo aiki na tarar da shi kwance da takunkumina a fuska, yana barcin rana shiru kamar jariri. Baba fa, wanda minsharinsa ke hana maƙwabta sakat, wanda in ya gyangyaɗa a shagon kafintarsa sai ya ce tunani yake yi. Da ya tashi ya ce abin nan yana da daɗi, in bar masa na daren nan.

Yau kwana hamsin da biyu da daren nan.

An sa mini ranar ganin babbar likitar barci, ranar Laraba ta sama. Ita za ta sa hannu a takardar komawa mota. Manaja ya ce ƙarshen wata ne iyaka, bayan nan kujerar ta wani ce. Ki ba ni shawara, amma kada ki ce mini in yi haƙuri.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata gajiya ta sake ki, na ji an ce kun yi baƙi. Na gode wa Allah da ƙafar yarinya ta warke.

Amsarki ta iso. Haƙuri kika ce in yi, sau uku a shafi ɗaya, na ƙirga. Kika ce uba ne, kuma kwana nawa ya rage ya koma gida. Yaya, ke a gadonki kike kwana da hancinki a buɗe. Haƙurin da ake yi da numfashin wani ba shi da wuya.

Kin ce in lallaɓa shi. Na lallaɓa. Na zauna a ƙasa, na sassauta murya, na ce masa na'urar nan magani ce, likita ya rubuta mini ita, ko mu riƙa yin kwana bibbiyu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, kai da ka shekara ashirin da shida kana barci, har yanzu bai ishe ka ba? Ya ce shi tsoho ne mai ciwon gwiwa, ni kuwa ƙato ne, in rage cin abinci in ga ko ba zan warke ba. Na buɗe baki, sai na tuna Inna a kabarinta, na rufe. Kin san bakina. Da na bar shi ya fita da ba za a iya mayar da shi ba.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Baba ya canza. Yana dariya. Ya gyara mini ƙyauren da ya shekara yana kuka, ya yi wa littattafaina kanta da ragowar katako, har ya goge ta da mai. Shekaranjiya ya ce in karanta masa jarida, ya saurara har ƙarshe, ya ce ashe dai na iya. Wannan uban ne na nema ina yaro ban samu ba. Ashe yana nan, barci ne bai ishe shi ba. Sai ga shi na same shi, amma da iskar hancina na saye shi. Ina karanta masa layukan na rawa a idona.

Yanzu ki saurari matsalar. Takardar asibiti ta ce in zo da abu uku: katin na'ura, da lissafin barcina na sati biyu, da wanda yake ganina ina barci. Na karanta ɗan littafin na'urar sau uku da ƙamus a gefe. Akwai ɗan kati a bayanta, bai fi farce ba, yana ɗaukar komai: awa nawa aka sa ta, sau nawa numfashi ya tsaya. Ita kuwa ba ta san fuska ba, duk wanda ya ɗaura takunkumi sai ta daidaita iskarta da shi. Katin nan zai nuna wa likita mutum mai barcin awa bakwai kullum, lafiya lau. Baba ke nan, da sunana.

In na yi shiru, za ta sa hannu, in koma mota ranar Alhamis. Ni kuwa jiya a tsaye na yi barci, na jingina da tsintsiya, sai da mai gadi ya taɓa ni. In kuwa na faɗa wa likita gaskiya, na sa hannu tun farko cewa ba zan ba kowa aron na'urar ba, suna iya karɓe abarsu. Ni ba ni da ita, Baba ba shi da ita, kujera ta tafi.

Kwana uku ina juya maganar. Wani lokaci in ce zan yi shiru, in riƙa shan shayi mai kauri, in sa tsakuwa a takalmi, ai na saba. Sai in haɗu da abokin aikin nan a bakin famfo yana wanke ƙafarsa, in kasa haɗa ido da shi.

Na rubuta tambayoyina a bayan kwali don kada su gudu daga kaina a gaban likita. Me ya sa nake tashi da ciwon kai? Shekarun da na yi haka sun ɓata mini zuciya ko ƙwaƙwalwa? Ana gadon abin nan? Wannan ta ƙarshen na ja mata layi biyu. Lissafin barci kuwa ban rubuta komai ba, don ban san na wa zan rubuta ba.

Baba ya ce zai raka ni, tunda ana son wanda ke ganin barcina. Har ya sa an goge masa riga. Na yi niyyar in roƙi likita ta ba ni minti biyu ni kaɗai, in gaya mata a hankali, ba tare da na kunyata shi ba. Ki yi mini addu'a, ba wa'azi ba.

A gaida maigida.

Naki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ku lafiya. Za ta riga Baba isowa da kwana ɗaya, don gobe zai hau mota zuwa wurinki. Ki gyara masa ɗaki. Zai ba ki labari irin nasa, ga nawa.

Mun je. Awa biyu muka yi a kan benci, ni ina gyangyaɗi, shi yana hira da kowa. Likitar mace ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Minti biyun da na shirya roƙa ban samu ba, don Baba ya riga ni shiga ya zauna a kujerar gaba. Ta sa katin a kwamfuta, ta daɗe tana dubawa, ta ce ta jima ba ta ga wanda ya riƙe magani da kyau haka ba. Sannan ta ɗago ta dubi idona. Ta ce to amma me ya sa na yi kama da wanda bai runtsa ba? Ta ce in har na'ura na aiki haka kuma gajiya ba ta tafi ba, sai a nemi dalili a wani wuri.

Kafin in haɗiye yawu Baba ya amsa mata. Ya yi 'yar dariya, ya ce likita kada ki wahalar da kanki, haka yake tun yana yaro, lalaci ne kawai, jininsa ne.

Yaya, da shatin takunkumina a kumatunsa ya faɗi haka.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce mata ta dubi fuskarsa ta dubi tawa, ta faɗi wa ke kwana da na'ura. Na ce kwana sittin da ɗaya ke nan ina shaƙewa a kan tabarma, shi yana shan iskata a kan gadona. Na ce wannan mutumin ya cire ni daga makaranta saboda ciwon da shi ya ba ni. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Duk tausasawar da na kwana uku ina shiryawa, ko kalma ɗaya ba ta fito ba.

Likita ta bari na gama. Ba ta karɓe na'urar ba. Ta ba ni sabon takunkumi da sabon kati, ta ce in dawo bayan wata uku da barcina na kaina, kafin nan ba mota, ba ko keke a kan titi. Ta ce da na yi shiru da ta sa hannu, kuma da alhakin na kanmu mu biyu. Ta juya ga Baba cikin ladabi, ta ce abin da katin ya nuna ya isa a gwada shi shi ma, ta rubuta masa rana, sha bakwai ga watan jibi.

Baba bai karɓi takardar ba. Ya ce shi lafiyarsa lau, shekara arba'in yana riƙe da zarto bai taɓa yanke yatsa ba. Ni na ɗauke ta daga kan tebur. Na gane, Yaya. In ya yarda yana da ciwon, ya yarda ni ma ciwo ne, ya yarda bai kyauta ba da ya cire ni daga aji biyar. Gara masa ya shaƙe.

Da muka isa gida ya zare na'urar daga wuta da hannunsa, ya naɗe tiyon, ya ajiye a kan tabarmata, ya fara haɗa kayansa.

Na kai wa manaja takardar wata uku. Ya karanta, ya ce ya ji tausayina, amma kaya ba sa jira. Ranar Litinin wani zai hau motar. An bar mini tsintsiya. Abokin aikin nan ne kaɗai ya zo ya dafa kafaɗata, bai san me ya sa ya kamata ya gode mini ba, ni ma ban gaya masa ba.

Kwana huɗu ke nan ina barci da na'ura. Kaina ya washe. Na zaci in hayaƙin ya tafi fushin zai bi shi, ashe hayaƙin ne ke rufe shi. Yanzu ina ganin komai sarai, har da fuskar Baba lokacin da nake masa ihu a gaban baƙuwa.

Ga takardar ranar gwajinsa na sa a cikin ambulan ɗin nan. Kada ki nuna masa yanzu. Ki sa a kwantar da shi a kan gefensa, ba rigingine ba, ki tokare masa baya da matashi. In kin ji minsharin ya yanke ya yi shiru, wannan shirun ba hutu ba ne, ki taɓa shi. Ran sha bakwai ki kawo shi, ko da ƙarya ce, ki ce gwiwa za a duba. Ke yana jin maganarki. In sun ce sai an jira kafin a samo masa tasa na'urar, ki gaya mini nawa ne jiran, in san abin da zan yi.

Kada ki ce in ba shi haƙuri. Zan ba shi, amma ba wannan watan ba.

Ƙaninki,
Auta