Labulen Ɗakin Baba Ari

Laraba, 14 ga Yuni, 1989, bayan isha'i

Alhamdulillahi, ba a ɗaure Baba Ari ba.

Tun da aka kwantar da shi a ɗakin masu ciwon zuciya, labule a rufe yake, fitila a kunne dare da rana. Jiya ya fara ruɗewa, yana fisgar robar ƙarin ruwa, yana dukan bango. Sista, shugabarmu mu nas-nas, ta ce in ya sake, mu ɗaure hannayensa da bandeji. Tsoho in an ɗaure shi ƙara firgita yake yi, zuciyarsa kuwa ba za ta ɗauka ba.

Na duba, babu zazzaɓi, fitsari na fita, magani daidai. Sai na lura in ya bugi bango, fuskarsa yake shafawa. Ashe taimama yake yi, lokutan salla sun ɓace masa.

Na roƙi Sista muka buɗe labule, na mayar masa da tabaransa, matarsa ta zauna kusa. Duk kiran salla sai in gaya masa wacce ce.

Da magariba ya dube ni sosai, ya ce, "Amarya, ashe ke kika ɓoye mini rana?"

Ina dai tsoron kada ruɗewar ta dawo gobe. Amma na kashe masa fitila, na baro shi yana minshari.