Famfon da Aka Ce Ya Mutu

Zuwa ga Malamar Baƙi, Sashen Kimiyya.

Bayan gaisuwa. Jiya na shiga ɗakin injuna na tarar an kwance igiyar da ta kewaye tsohon famfon tuƙa-tuƙa, an kifa allon "Kada a Taɓa", ƙasa kuma sharkaf da ruwa. Mai shara ta ce ke kika miƙa wa 'yan makaranta sifana. Nan gidan adana kayan tarihi ne, ba garejin kanikawa ba. Ki mayar da igiya, ki rubuto takardar ban haƙuri kafin Alhamis. In ba haka ba, zan cire sunanki daga zagaye na biyu na kwas ɗin horar da malaman gidan tarihi, ki koma sito kina kakkaɓe akwatuna.

Shugaban Sashe.

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Taku goma ne tsakanin ofishinka da teburina, amma tunda takarda ka zaɓa, ga tawa.

Ba zan ba da haƙuri ba. Kai ka tura ni kwas ɗin nan da sa hannunka. Ranar farko malamar ta ba kowannenmu fitilar hannu a warwatse, ta ce mu haɗa, ta yi zamanta. Na yi zufa, na ji kunya, amma da ta kama, wallahi na gane abin da shekara shida nake haddacewa ina zuba wa yara. Suna hamma, ni ma ina yi a zuci. Shekaranjiya kuwa sai da malaminsu ya fitar da su da ƙyar.

Ka ga ruwa a ƙasa, amma ba ka tambayi daga inda ya fito ba.

Ka huta lafiya,
'yarka, Auta.

Auta,

Ina amsawa. Kada ki raina mini hankali, daga bokiti ya fito mana. Famfon nan matacce ne tun kina rarrafe. A buhu aka kawo shi, gunduwa-gunduwa, ni na haɗa shi da hannuna, ni na rubuta bayanin da ke jikinsa cewa ya daina aiki. Shekara ashirin da shida ina goge shi, ko ƙwarzane babu. Kwas ɗin sati biyu ya sa kin fi ni sani?

Mahaifiyarki ta kira ni tana kuka, wai in rufa miki asiri. Na ce mata layi biyu kawai nake nema. Alhamis gobe ce.

Kawunki.

Kawu,

Barka da warhaka. Na so in bar maganar nan a cikina saboda girmanka, amma ka matsa.

Bokitin cika shi muka yi da ruwa, muka tsoma ƙasan bututun famfon a ciki. Yara suka tuƙa, ba ko ɗigo. Maimakon in karanta musu allonka, sai na yi yadda aka koya mana, na ce, "To, me kuke gani ya hana?" Muka kwance kan famfon. Akwai wata fata a ciki mai ɗagawa ruwa ya hau, ta rufe kada ya koma. Wata yarinya mai gilashi ta jujjuya ta a hannu ta ce, "Anti, ai a kife take." Muka juya ta, muka jiƙa, muka ɗaure. Tuƙi na bakwai ruwa ya feso har kan takalmin malaminsu.

Famfonka bai taɓa mutuwa ba, Kawu. A kife ka sa fatar, igiyarka kuma ta hana kowa ganewa. Na ji zafin rubuta wannan, don a wurinka na koyi son ɗakin nan. Amma haƙurin me zan bayar? Na cewa ya yi aiki?

In sito ne, a ba ni makulli. Akwai injin markaɗe da keken ɗinki a can, su ma an rubuta sun mutu. Sifanata tana jaka.

Bokitin yana bayan ƙofa, ban zubar da ruwan ba.

Da girmamawa,
Auta.

Auta,

Ina gaisuwa. Na tuƙa. A na biyar ya kawo, ba na bakwai ba.

Sunanki yana nan a kwas. Ki tambayi malamar taku ko suna karɓar mai furfura. Allon bayanin na cire shi da kaina, ki bar ni in rubuta sabo.

Ki turo mai shara, wandona ya jiƙe.

Kawunki.